He, she, it da they suna rikita min rubutun Turanci, yaya ake gyarawa?

Ɗalibar Turanci:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Don Allah ina neman a warware min wata matsala game da wakilin suna a rubutun Turanci. Kusan duk insha'in da na miƙa sai ya dawo an zagaye "he" ko "it" ko "they" da jan biro, an rubuta "who?" ko "what?" a gefen takarda. Ni kuma in na sake karantawa ba na ganin inda ya rikice, tunda na san wanda nake nufi. Ga sakin layi ɗaya da ya sha jan biro:

"The principal invited the chairman of the PTA to his office because he was worried about the fees. They said they will increase it next term. He told him that this is not good, which made him angry. The parents, they were not informed, and everybody must pay before you enter the class."

Me ya lalace a nan takamaimai? Akwai wata hanya da zan riƙa bi ina dubawa da kaina kafin in miƙa? Na gwada rage wakilin suna ina maimaita sunan, sai aka ce rubutun ya yi nauyi, "the principal, the principal" kamar karatun 'yan aji ɗaya. To ina ne tsakiya? Allah ya saka da alheri.

Malamin Nahawu:

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ai kin faɗi cutar da bakinki da kika ce kin san wanda kike nufi. Ke kin sani, mai karatu bai sani ba, kuma ba ya zaune kusa da ke balle ya tambaya. A hira in kika ce "shi ya faɗa", kina iya nuna mutumin da baki, ko wani ya katse ki ya ce "wa?" Takarda ba ta da bakin nuni.

Wakilin suna kamar kowane wakili yake, wani ne ya turo shi. Sunan da ya turo shi masu nahawun Turanci suna kiransa antecedent, mu kira shi ubangida a nan don sauƙin magana. Abin da ake buƙata shi ne ubangidan ya kasance a rubuce a kan takardar, ba a cikin kanki ba. Ya zama shi kaɗai wakilin zai iya komawa gare shi. Kada ya yi nisa. Kuma su dace a jinsi da adadi. Duk jan biron da kika sha, ɗaya daga cikin waɗannan aka karya.

Sakin layinki kalma 53 ne, 13 daga ciki wakilan suna ne, wato kusan ɗaya a kowace kalma huɗu. Mu bi su a hankali.

Jimla ta farko maza biyu ne a cikinta, principal da chairman, sai "his" da "he" suka biyo baya. Mai karatun Turanci yana da ɗabi'u biyu wajen neman ubangida: ko ya koma ga aikau na jimlar, wato wanda ya yi aikin, ko ya kama sunan da ya fi kusa. A jimlarki aikau shi ne principal, na kusa kuma chairman, sai ɗabi'un biyu suka ja shi gefe daban-daban. "His office" da sauƙi, hankali zai ba shi cewa mai gayyata ofishinsa yake kiran baƙo. Amma "he was worried", kowannensu zai iya damuwa da kuɗin makaranta, kuma ma'anar labarin gaba ɗaya ta rataya ne a kan wanne ne ya damu.

A jimla ta biyu "they" ba shi da ubangida sam. Mai karatu zai haɗa principal da chairman ya ce su ne, tunda su kaɗai ne mutanen da kika ambata, alhali ina zaton ba su kike nufi ba. "It" kuma kin aika shi ya wakilci "fees", wanda jam'i ne. Wakilinsa "them" ne.

Ta uku ita ce mafi tsanani. "He" na iya zama ɗayan biyu, "him" na ƙarshe ma haka, don haka jimlar tana karantuwa ta fuska huɗu. "This" kuwa mene ne? Ƙarin kuɗin, ko gayyatar, ko rashin sanar da iyaye wanda ba ki ma kai ga faɗinsa ba tukuna? Haka "which": maganar ce ta fusata shi ko ƙarin? Maganin "this" mai yawo shi kaɗai a buɗe yake: ki ɗora masa suna a gaba, "this increase", "this decision", "this remark". In kika rasa sunan da za ki sa, alama ce ke ma ba ki tantance abin da kike nufi ba, sai ki dakata ki tantance.

Idan mutum biyu masu jinsi ɗaya suka haɗu, ga yadda ake yi. Ɗauki wannan: "Musa told Audu that he had failed the exam." Kina iya maimaita suna, "Musa told Audu that Audu had failed the exam", daidai ne amma yana da nauyi. Kina iya kawo maganar yadda ta fito daga baki: Musa told Audu, "You have failed the exam." Nan take ruɗun ya tafi, domin "you" da "I" ba sa rikicewa. Wadda na fi so ita ce a sake gina jimlar yadda wakilin zai zo a wurin da mutum ɗaya kaɗai zai dace da shi. In Musa ne ya faɗi: "Musa failed the exam and told Audu." Babu wakili ma ko ɗaya. In Audu ne: "Audu failed the exam, and Musa broke the news to him." Wannan "him" ba zai taɓa zama Musa ba, domin da Musa ne da nahawu ya tilasta a ce "himself". Ki kula, ba kowane juyi ne gyara ba. "Audu learned from Musa that he had failed" an juya ta amma cutar tana nan.

Akwai kuma ubangidan da yake ɓoye cikin wata kalma. "My uncle is a tailor, but I have never learned it." Ɗinki kike nufi, amma kalmar da ke kan takarda tela ce, ba ɗinki ba. Sai a ce "I have never learned to sew" ko "learned the trade". Irinsa ne "In the report it says", wanda gyaransa "The report says".

Hanyar dubawa kuwa, fensir kawai take buƙata, kuma bayan an gama rubutu ake yin ta, ba ana cikin yi ba. Ki zagaye kowane he, she, it, they, him, her, them, his, its, their, this, that, these, those, which da who. Daga kowanne ki ja kibiya zuwa sunan da yake wakilta. Kibiyar da ta rasa inda za ta sauka, ki goge wakilin ki rubuta suna. Wadda za ta iya sauka wuri biyu, ki yi ɗaya daga cikin gyare-gyaren can na sama. Wadda ta tsallake jimla fiye da biyu, ko ta ƙetara zuwa wani sakin layi, ki dawo da sunan. Waɗanda suka sauka lafiya, ki duba tilo ne da tilo, jam'i da jam'i. A insha'i mai kalma 450 wannan ba zai ci miki fiye da 'yan mintoci ba in hannu ya saba.

Batun tsakiya: ki buɗe kowane sakin layi da cikakken suna. Ki ci gaba da wakili matuƙar mutumin nan shi ne mai aikin kuma wani mai jinsinsa bai shigo ba. Da zarar wani ya shigo, ko magana ta koma kan wani, ki sake kiran suna. Abin da zan hana ki shi ne gudun maimaici ta hanyar sauya laƙabi, nan "the principal", can "the school head", gaba "the administrator". Mai karatu zai ɗauka mutum uku ne.

Yanzu ki faɗa mana da Hausa, wa ya damu, su wa za su ƙara kuɗin, wa ya fusata?

Ɗalibar Turanci:

Na gode ƙwarai Malam, Allah ya ƙara sani. Abin da nake nufi shi ne: shugaban makarantar ne ya damu, shi ya kira ciyaman. Hukumar makarantar ce ta yanke shawarar ƙara kuɗin a zango mai zuwa. Shi ciyaman ya ce ƙarin bai dace ba, wannan magana ta ɓata wa shugaban rai. Ba a sanar da iyaye ba, kuma an ce sai ka biya kafin ka shiga aji.

Mai Jan Biro:

Ƙanwata, ki dubi abin da kika rubuta yanzu. Da Hausa ba ki rikita kowa ba: kin ce "shugaban makarantar ne", kin ce "shi ciyaman", kin ce "wannan magana". Ashe kin iya, a Turancin ne kike sakin hannu. Malam ya gama da ɓangaren ubangida, ni zan taɓo wani wurin, wato inda Hausar da ke ƙarƙashin Turancinmu take leƙowa. Rabin kurakuran sakin layinki daga nan suke, kuma wanda ya san tushensu ya fi saurin kama su.

Babbansu shi ne "an". Hausa tana da wakilin da ba ya nuna kowa: an ce, ana so, za a ƙara, aka tafi. Turanci ba shi da kalma ɗaya da ta tsaya daidai da shi, sai mu cafko "they". "They said they will increase it" ai "an ce za a ƙara" ce ta sa rigar Turanci. Haka "an ɗauke wuta" take zama "they have taken light", alhali a rubutu "the power has gone off" ko "there is a power cut" ake so. Mafita biyu ce. In kin san mai aikin, ki kira shi: "The school board decided". In ba ki sani ba, ko saninsa ba shi da amfani, ki sa abin da aka yi wa aikin a gaba: "The fees will be increased", "The parents were not informed". A rubutun bincike kuwa "they say" ba ta karɓuwa ko kaɗan, sai kin faɗi wa ya ce.

Na biyu, ninki. A Hausa ba a cewa "Audu tafi", dole sai "Audu ya tafi". Suna da ɗan wakilinsa tare suke tafiya. A Turanci ɗaya ake ɗauka, ko suna ko wakili. "The parents, they were not informed" ninki ne, waƙafin da kika sa bai wanke shi ba. A gajeriyar jimla ana saurin ganinsa. Inda yake ɓuya shi ne in an yi doguwar magana tsakanin suna da aikatau: "The students who came late on Monday they were punished." Ki goge "they". Ɗan'uwansa shi ne wakilin da muke bari a wutsiya: "yaron da na ba shi littafi", "gidan da muke zaune a cikinsa". Hausa ce tsantsa, amma "the boy that I gave him the book" da "the house that we live in it" kuskure ne. "That", "which" da "who" sun riga sun riƙe gurbin, ba a ƙara musu wani. Daidai shi ne "the boy that I gave the book to" da "the house that we live in".

Sai "it". Mu ba mu da shi. Komai a wurinmu ko shi ne ko ita ce: gida shi, mota ita, gwamnati ta ce, Najeriya ta samu, makaranta ta buɗe. Shi ya sa ake ganin "The government said she will" ko "The school has increased her fees". A Turancin yau duk waɗannan "it" da "its" ne. Turancin Ingila ya yarda a ce "the committee have made their decision" in ana kallon membobin, haka ma "the committee has made its decision" in ana kallon kwamitin dunƙule, amma ba a gauraya su a jimla ɗaya. "Has" da "their" ba sa zama tare. Ta ɗaya gefen kuma akwai "it" da ba ya wakiltar komai amma dole ya zo, domin jimlar Turanci ba ta tashi babu aikau: "It is raining", "It is important to". "Is raining" da "Is good" guntaye ne. Haka "Am writing to inform you" da ta cika wasiƙu. "I" ɗin ba ado ba ne.

Adadi ma yana yaudara, domin abin da Hausa ta ɗauka jam'i ba lallai Turanci ya ɗauke shi haka ba. Muna cewa kaya sun iso, kuɗin sun ƙare, labarai sun zo, shawarwari sun yi amfani. A Turanci luggage, money, news, advice, information, furniture da equipment duk "it" ne. Wando, almakashi da tabarau kuma tilo ne a wurinmu, amma trousers, scissors da glasses "they" ne. Police da cattle ma "they". Naki "fees" da "it" daga nan ya fito: "kuɗin makaranta" kike ji a kai, sai kika ba shi "it" irin na money.

Wasu ƙanana guda uku da suke sauya ma'ana gaba ɗaya. "Mun je kasuwa da Binta" mutum biyu ne a Hausa, amma "We went to the market with Binta" aƙalla uku ne. Ki ce "Binta and I went to the market". "Suna son juna" shi ne "They love each other", "They love themselves" kuwa kowa kansa yake so. Sannan jam'in girmamawa, "Baba sun ce", ba ya ƙetarawa. "My father said they are coming" na nufin wasu ne za su zo.

Ga sakin layin bisa bayaninki:

"The principal was worried about the fees, so he invited the PTA chairman to his office. The school board had decided to increase the fees the following term. The chairman said that the increase was unfair, and this remark angered the principal. The parents had not been informed, yet all students had to pay before they could enter their classes."

Daga wakilai 13 sun koma biyar. "He" ya zo kafin a ambaci ciyaman, saboda haka mutum ɗaya ne a fili lokacin. Na maimaita "the fees" maimakon "them" domin mutum biyu da ofis sun shiga tsakani. Na ƙarshen kuma ki lura: kin fara da "everybody" kin ƙare da "you", saboda "sai ka biya kafin ka shiga". Wannan "ka" na kowa da kowa daidai ne a Hausa, amma a Turanci wanda kika fara da shi da shi za ki ƙare. In "students" ne, "they". In "one" ne, "one's". In "you" ne, "you" har ƙarshe.

A WAEC insha'i maki 50 ne: 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya bayani, 10 na kiyaye ƙa'idojin rubutu, inda kowane kuskure yake cin rabin maki. Wakilin da ya saɓa adadi yana ci daga goman ƙarshe, wanda ya rikita ma'ana kuma yana taɓa ashirin ɗin.

Ɗan Maraɗi:

Sannunku da ƙoƙari, malamai. Zan ƙara abu ɗaya saboda 'yan'uwa na Nijar da duk wanda ya fara da Faransanci kafin Turanci. A Faransanci kalmar mallaka tana bin jinsin abin da aka mallaka: "son père", "sa mère", ko mai su namiji ne ko mace. A Turanci akasin haka ne, "his" da "her" mai abin suke bi. Shi ya sa ake samun "Musa visited her mother" ana nufin mahaifiyar Musa, mai karatu kuma ya shiga neman wace mace ce aka ambata a baya. Hausa ma tana taimakawa a nan in an lura da ita. A "motarsa" da "gidanta", "r" da "n" su ne suke bin jinsin mota da gida, "sa" da "ta" kuma mai abin suke nunawa. "His" daidai yake da "sa", "her" daidai da "ta". A manta da jinsin abin, a tambayi na wa ne.

Haka "il y a" tana jawo "it has many people in the market". "Akwai" a Turanci "there is" ne ga tilo, "there are" ga jam'i.

Ɗalibar Turanci:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, na ja kibiyoyin a wani tsohon insha'i na ga uku ba su da inda za su sauka. Saura abu biyu. Da na bar "everybody", me zan bi shi da shi, "his" ko "their"? Na ga duka biyun a littattafai. Sannan "my friend and I" da "my friend and me", wanne ne daidai? An taɓa ce mana "me" ɗin kullum kuskure ne.

Malamin Nahawu:

Na biyun ya fi sauƙi, bari in fara da shi. Duk biyun daidai ne, kowanne da gurbinsa. Ki rufe "my friend and" da yatsa ki karanta saura. "My friend and I went home" zai zama "I went home", ya zauna. "The teacher called my friend and I" zai zama "The teacher called I", bai zauna ba, don haka "my friend and me" ne. "I" na mai yin aiki ne, "me" na wanda aiki ya faɗa wa, da kuma bayan kalmomi irin su to, for, with, from da between. Saboda haka "between you and me" ake cewa. Kada kuma tsoro ya sa ki gudu zuwa "myself". "Send the form to myself" kuskure ne. "Myself" yana zuwa ne in mai aikin shi ne aikin ya koma wa, "I cut myself", ko don jaddadawa, "I wrote it myself", daidai da "da kaina".

Irin wannan gwajin ake yi wa "who" da "whom". Ki amsa tambayar da "he" ko "him". "Who called you?" amsarta "He called me". "To whom did you give it?" amsarta "I gave it to him". Mai "m" da mai "m" suke tafiya. Tunda muna nan, "it's", "they're", "you're" da "who's" duk kalma biyu ce aka matse: it is, they are, you are, who is. Ki warware ta ki karanta. In "it is" ko "it has" bai shiga gurbin ba, "its" ake nema. Wakilan mallaka, its, hers, ours, yours, theirs, babu mai ɗaukar ɗan waƙafin sama a cikinsu.

"Everybody" kuwa, shi da everyone, someone, anyone, nobody da each, aikatau na tilo suke ɗauka: "everybody is", "each of the girls has". Rigimar a kan wakilin da zai biyo baya take. Tsofaffin littattafan makaranta sun koyar da "his" ga kowa. Daga baya aka koma "his or her", wanda daidai ne amma in ya zo sau uku a sakin layi ɗaya yana gajiyarwa. "Their" a wannan gurbi ba sabon abu ba ne, ana samun sa a rubutun Turanci tun ƙarni na 14, kuma bugu na 7 na tsarin APA, wanda ɗaliban jami'a da yawa suke bi wajen rubuta bincike, ya amince da shi. Saboda haka "Everybody must bring their card" karɓaɓɓe ne a Turancin yau. Sharaɗinsa dai shi ne wancan na farko: kada a sami wani jam'i kusa da zai janye shi. "When a patient meets the doctors, they should ask questions", su wa za su yi tambaya, majinyacin ko likitocin? A nan sai a ce "A patient should ask questions when meeting the doctors."

Mai Jan Biro:

Malam, a nan zan ɗan ja da kai kaɗan, da girmamawa. Abin da ka faɗa game da "their" gaskiya ne, amma ita ɗaliba ce mai jarrabawa a gaba, kuma ba ta san hannun wa takardarta za ta faɗa ba. Akwai masu duba takarda da har yanzu suke kan tsohon tsari. Ƙanwata, a tambayoyin zaɓi, ki bi abin da littafin da ake koyar da ku da shi ya ce. A insha'i kuma ki kauce wa rigimar gaba ɗaya, domin kusan kullum akwai hanya. Ki mayar da sunan jam'i: "All candidates must bring their cards." Ko ki cire wakilin: "Every candidate must bring a card." In kuwa jinsin a bayyane yake, kamar makarantar 'yan mata, babu abin tsayawa: "Each girl must bring her card."

Kibiyoyin nan uku da suka rasa masauki, ki turo jimlolin tare da wadda ta gabaci kowacce, da kuma gyaran da kika yi musu da kanki, mu duba.